Hukuncin taro da mulkin doka: me ya sa jama'a ba ta zama alƙali?

A kasuwa ko a tasha, da zarar wani ya ɗaga murya ya ce "ɓarawo!", sai mutane su taso daga kowace kusurwa. Wani da sanda, wani da dutse. Kafin a tambayi abin da aka sata, an riga an kayar da mutum ƙasa. Wannan shi ake kira hukuncin taro, ko ɗaukar doka a hannu. Ma'anarsa ita ce jama'a ta taru ta daki mutum, ko ta kashe shi, ko ta ƙone dukiyarsa, saboda tana zarginsa da wani laifi, ba tare da an kai shi gaban alƙali ba.

Wannan darasi zai bayyana mana abin da ke kawo irin wannan ɗanyen aiki, da ɓarnar da ya yi a ƙasarmu, da hanyar da doka ta shimfiɗa domin kowa ya samu hakkinsa.

Mene ne mulkin doka?

Mulkin doka yana nufin doka ce a saman kowa. Talaka da mai kuɗi, manomi da makiyayi, ɗan gari da baƙo, mai mulki da wanda ake mulka, duk doka guda ce ke ɗaure su. Yana tsaye a kan ginshiƙai huɗu:

1. Ba a hukunta mutum sai a kan abin da doka ta riga ta ce laifi ne.
2. Duk wanda ake zargi ana ɗaukarsa marar laifi, har sai kotu ta tabbatar da laifinsa.
3. Dole a saurari wanda ake zargi, a ba shi damar kare kansa.
4. Hukunci yana hawa kan mai laifi shi kaɗai. Ba ya hawa kan matarsa, ko ɗansa, ko ƙabilarsa, ko masu addini ɗaya da shi.

Waɗannan ƙa'idoji suna rubuce. Sanarwar ƴancin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shekarar 1948, ta ambaci hakkin shari'a ta adalci a sashe na 10 da na 11. Yarjejeniyar Afirka ta hakkin ɗan Adam da na al'ummomi, ta 1981, wadda Nijar ta amince da ita a 1986, ta kare ran mutum a sashe na 4. A sashe na 7 kuma ta tabbatar da hakkin a saurari mutum, ta kuma bayyana cewa hukunci na mai laifi ne shi kaɗai.

Tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamba 2010 ya ƙunshi waɗannan hakkoki. An dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma a watan Maris 2025 aka ƙaddamar da wani sabon kundi na tafiyar da ƙasa. Amma sauyin mulki bai taɓa halatta kisa ko duka ko ƙone dukiyar mutane ba. Tun daga dokar laifuka ta 1961, waɗannan ayyuka laifuka ne a Nijar, ko farar hula ke mulki ko soja.

Yawan mutane ba shi ne gaskiya ba

Wasu suna cewa: "Ai dimokuraɗiyya mulkin jama'a ce. In jama'a ta yanke, magana ta ƙare." A nan akwai ruɗani da ya kamata a warware.

A dimokuraɗiyya, rinjaye yana da wurin aikinsa. Da rinjaye ake zaɓen shugaban ƙasa, da ƴan majalisa, da kansiloli. Da rinjaye ƴan majalisa ke amincewa da doka. Amma tambayar "wane ya saci akuya?" ko "wane ya kashe wane?" ba a amsa ta da ƙuri'a. Ana amsa ta da shaida. Mutum ɗari biyar suna iya yin ihu a kan abin da ba wanda ya gani a cikinsu. Mutum guda da ya gani da idonsa ya fi su duka sanin gaskiya.

Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Gaskiya ne a wajen gayya, ko ginin rijiya, ko kashe gobara. A wajen shari'a kuwa, yawa ba ya zama hujja. Shi ya sa aka raba ayyukan hukuma gida uku: majalisa ta yi doka, gwamnati ta aiwatar, kotu ta yi shari'a. Taron da ya kama mutum ya kashe shi ya haɗa dukan ukun a hannunsa cikin minti kaɗan. Shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne hauni. Ko shugaban ƙasa doka ba ta ba shi wannan iko ba.

Abin da ya faru a Toda, 1991

Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, wakilan ƴan ƙasa sun zauna a Yamai, a babban taron ƙasa da André Salifou ya shugabanta. Wannan taro ne ya buɗe hanyar dimokuraɗiyya, wadda ta kai ga tsarin mulkin Disamba 1992 da zaɓen Mahamane Ousmane a 1993.

A ƙarshen watan Oktoba na 1991, ana daf da rufe taron, sai mummunan labari ya zo daga Toda, a yankin Gidan Rumji cikin ƙasar Maraɗi. Rikici ya tashi tsakanin manoma da makiyaya a lokacin kaka. Maimakon a tsaya kan waɗanda suka yi faɗan, sai jama'a ta taso ta auka wa Fulanin yankin. An kashe mutum fiye da 100, galibinsu mata da yara.

Mu tsaya mu yi tunani a kan wannan. Jariri a bayan uwarsa bai kora saniya gonar kowa ba. Tsohuwa a bukka ba ta ɗaga takobi ba. An kashe su ne saboda sun fito daga jinsi ɗaya da wanda ake fushi da shi. Wannan shi ne halin taro: in bai samu wanda yake nema ba, sai ya faɗa kan wanda ya samu.

Toda ta nuna cewa ƙasa tana iya rubuta kyakkyawar doka a babban birni, amma dokar ba ta da amfani sai ta isa ƙauye, ta zauna a zukatan mutane. Shekara 25 bayan haka, ranar 1 ga Nuwamba 2016, irin wannan masifa ta sake aukuwa a Bangi, yankin Madawa cikin jihar Tawa. Rikicin ya taso daga ɓarnar gona, aka rasa rayuka aƙalla 18, aka ƙone gidaje.

Damagaram da Yamai, 2015

Ba rikicin gona kaɗai ke tayar da taro ba. Ranar 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da ranar 17 a Yamai, an yi zanga-zangar nuna ɓacin rai a kan zanen ɓatanci ga Annabi Muhammadu (SAW) da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa. Nuna ɓacin rai cikin lumana hakki ne na ɗan ƙasa. Amma abin ya rikiɗe ya koma ƙone-ƙone. Mutum 10 suka rasu a biranen biyu. Ƴan sanda sun bayyana cewa an ƙone majami'u 45 a Yamai. A Damagaram an ƙone cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, inda ɗaliban garin ke zuwa karatun littattafai.

Wa ya yi zanen? Mutane ne a birnin Paris. Wa ya ɗanɗana kuɗa? Ƴan Nijar, maƙwabtanmu, waɗanda muke cin kasuwa guda da su, muke shan ruwan famfo guda. A nan ma an take ginshiƙi na huɗu: an ɗora laifin wani a kan wani. Malaman addini da dama sun fito sun yi tir da wannan aiki, kuma an samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu har ƙura ta lafa.

A fiƙihun Malikiyya da ake koyarwa a ƙasarmu, hukunci aikin alƙali ne, bayan an kawo shaidu ko an samu iƙirari. Ba a bar wa kowane mai wucewa ya zartar da shi ba. A nan addini da dokar ƙasa sun haɗu a kan magana guda.

Yau kai ne ɗan gari, gobe kai ne baƙo

Kowace shekara bayan girbi, dubban matasanmu na tafiya ci-rani: Najeriya, Gana, Kwaddibuwa, Libiya, Aljeriya. A can su ne baƙi, kuma baƙo shi ne na farko da ake zargi.

Ranar 27 ga Maris 2025, a garin Uromi na jihar Edo, kudancin Najeriya, ƴan banga sun tare wata mota da ta ɗauko matafiya Hausawa masu komawa Kano hutun salla. Mafarauta ne, an ga bindigogin farauta a kayansu. Nan take aka ce masu garkuwa da mutane ne. Taro ya kashe 16 daga cikinsu. Ba wanda ya kai su kotu, ba wanda ya saurari bayaninsu.

Duk Bahaushen da ya ji wannan labari ya ji zafi. To, mu tuna cewa baƙon da aka kewaye a kasuwarmu shi ma ɗan wani ne, kuma akwai masu jiran dawowarsa. Dokar da ke kare shi a garinmu ita ce ke kare ɗanmu a garin wasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Me ke sa mutane ɗaukar doka a hannu?

Ba za a magance cuta ba sai an san tushenta. Ga manyan dalilai:

- Rashin yarda da shari'a. Mutane na cewa: "Mun kai ɓarawo da safe, da marece mun gan shi a gari." Wani lokaci wannan ƙorafi yana da tushe, domin akwai jinkiri, akwai kuma cin hanci. Hukumomi da kansu sun san da haka, shi ya sa aka yi babban taron ƙasa kan gyaran shari'a a Yamai a watan Nuwamba 2012.
- Rashin sanin yadda shari'a ke tafiya. Sau da yawa ana sakin mutum ne domin ba wanda ya je ya shigar da ƙara ko ya ba da shaida. Wani kuma sakin talala aka yi masa, shari'arsa tana nan tafe. Saki kafin shari'a ba wanke mutum ba ne.
- Nisa da tsada. Ƙauyuka da yawa suna nesa da jandarmomi da gidan shari'a. Kuɗin mota da asarar ranakun aiki suna sa talaka ya haƙura da kai ƙara.
- Jita-jita. A da, labari na tafiya da ƙafa. Yanzu saƙon murya guda a WhatsApp yana iya zagaye gari cikin awa ɗaya, kuma ana iya haɗa shi da hoton da aka ɗauka a wata ƙasa shekarun baya.
- Masu fakewa da taro. Akwai mai tsohuwar gaba, akwai wanda ake bi bashi, akwai mai jiran a fasa kanti ya kwashi kaya. Ihun "ɓarawo!" yana yi musu aiki kyauta.
- Ɓacewar kunya cikin taro. Mutum shi kaɗai yana jin nauyin abin da yake yi. Cikin ɗaruruwa sai ya ce: "Ai dutse guda na jefa."

Dalilan farko suna nuna cewa hukuma na da nata aikin gyara. Amma raunin kotu ba ya mayar da kisa halal. In rijiya ta gurɓace, yasarta ake yi, ba a komawa shan guba.

Abin da taro ke ɓatawa

Na farko, kuskuren taro ba ya gyaruwa. Idan alƙali ya yi kuskure, ana ɗaukaka ƙara. Akwai kotunan ɗaukaka ƙara a Yamai da Damagaram da Tawa. Idan taro ya yi kuskure, sai kabari.

Na biyu, taro ba ya auna hukunci da girman laifi. Wanda ya saci salula ko buhun hatsi, doka ta tanadar masa ɗauri ko tara. Ita kanta hukumar Nijar, bayan 1976 ta yi shekaru fiye da arba'in ba ta zartar da hukuncin kisa a kan wanda kotu ta yanke wa ba. Ta yaya ƴan unguwa za su kashe mutum a kan akuya?

Na uku, gaskiya na mutuwa tare da wanda aka kashe. In ɓarawon gaske ne, da an bar shi da rai da ya faɗi abokan aikinsa da mai sayen kayan sata. In kuma ba shi ba ne, ɓarawon gaske yana nan yana dariya.

Na huɗu, jini yana kiran jini. Dangin wanda aka kashe ba sa mantawa. Kasuwa takan mutu, makiyaya su ƙaura da nono da taki, yara su tashi da ƙiyayyar da ba su san mafarinta ba.

Taro ba ya ɓoye kowa daga doka

A gaban doka ba a cewa "gari ne ya kashe". Ana tambaya: wa ya buga, wa ya zuga, wa ya kawo fetur, wa ya nuna maɓoya? Wanda ya buga yana amsa laifin rauni ko na kisa. Wanda ya zuga ko ya ba da makami abokin laifi ne. Har wanda ya ga mutum cikin haɗari, yana da ikon taimaka masa ko kiran taimako ba tare da ya jefa kansa cikin haɗari ba, amma ya ƙi, doka na iya kama shi.

Ga misali daga Gana. A watan Mayu 2017, mutanen garin Denkyira-Obuasi sun kashe wani hafsan soja, Maxwell Mahama, bisa zaton ɗan fashi ne. An ɗauki abin da salula. A watan Janairu 2024 kotu ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai. Fushin rana guda ya cinye sauran rayuwarsu.

Kare kai daban yake. Doka ta yarda mutum ya kare kansa ko wani a lokacin da ake kai masa hari, gwargwadon harin. Amma wanda aka riga aka kama, aka ɗaure, ba ya kai wa kowa hari. Dukansa a wannan hali laifi ne.

Hanyar da doka ta shimfiɗa

*Idan an kama mutum yana cikin sata ko wani babban laifi:* doka ta yarda kowane ɗan ƙasa ya riƙe shi, ya miƙa shi ga ƴan sanda ko jandarmomi mafi kusa. Iyakar ikonka ke nan: ka kama, ka miƙa. A birni ana kiran ƴan sanda a lamba 17, masu kashe gobara da agajin gaggawa a lamba 18. A ƙauye a kai shi gidan mai gari, a tsare shi daga jama'a har jami'ai su iso.

*Bayan an miƙa shi:* wanda aka yi wa sata ya je ya shigar da ƙara. Shaidu su je su faɗi abin da suka gani da idonsu. A ƙananan laifuka na yau da kullum, ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita ita ce a tsare mutum awa 48 domin bincike, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Daga nan sai a kai shi gidan shari'a ko a sake shi. In ba ƙara, ba shaida, alƙali ba shi da abin riƙewa.

*Idan ba ka da kuɗin lauya:* a 2011 an kafa hukumar ƙasa mai ba da taimakon shari'a, ANAJJ, domin wayar da kai da taimakon marasa hali. Ka tambayi ofishinta a babban gidan shari'a na jiharku.

*Idan ɓarnar gona ce:* kada a daki makiyayi, kada a sari dabba. A kira shaidu su ga ɓarnar, a sanar da mai gari da ardo. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta kare burtali da wuraren kiwo. Ana fara neman sulhu a gaban sarakunan gargajiya, a ƙiyasta asara, a rubuta takardar sulhu. In sulhu ya gagara, sai a wuce kotu. Manomi ya bar noma burtali. Makiyayi ya jira ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa kowace shekara.

A lura: sarki da mai gari masu sulhu ne a kan gona, aure, gado da bashi. Kisa da fashi da mummunan rauni kuwa na kotu ne.

Idan taro ya fara haɗuwa, me za ka yi?

1. Kada ka ɗauki ihun da ba ka san tushensa ba. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.
2. Ka yi tambaya da ƙarfi: "Wa ya gani? Me aka sata? Ina mai kayan?" Tambaya tana sanyaya taro.
3. Ka aika a kira dattijo, liman, mai unguwa ko sarkin kasuwa, kuma a kira jami'an tsaro tun da wuri.
4. In ba za ka jefa kanka cikin haɗari ba, ku haɗu ku uku ko huɗu ku shigar da mutumin kanti ko gida, ku rufe ƙofa.
5. Ka janye ƴaƴanka da ƙannenka daga wurin.
6. Kada ka tura saƙo ko hoton da ke zuga mutane. Ka tambayi wanda ya turo maka inda ya samo shi.

Kungiyoyin matasa masu gadin unguwa su ma su san iyakarsu. Aikinsu sa ido da sanar da hukuma. Ba su da ikon duka, ko tsare mutum kwana da kwanaki, ko cin tara.

Abin da ya kamata mu riƙe

Ɗan ƙasa na gari ba ya yin shiru idan shari'a ta lalace. Yana kai kuka ga shugabannin gidan shari'a, da sarakuna, da ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam, da gidajen rediyo. Yana bin ƙararsa har ƙarshe, yana fitowa shaida ko da abin ya ci masa yini. Wannan hanya tana da tsawo, tana kuma buƙatar haƙuri. Amma ita kaɗai ce hanyar da marar laifi ke fita da ransa, mai laifi kuma ya samu hukunci daidai da abin da ya aikata.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Waɗanne ne ginshiƙai huɗu na mulkin doka?
2. A wane wuri rinjaye ke aiki, a wane wuri kuma ba ya aiki?
3. A garinku, wa ake fara kira idan an kama ɓarawo? Nawa ne nisan ku da jandarmomi?
4. Akwai Kofo a ƙauyenku? Su wane ne membobinta, kuma yaushe suka yi zama na ƙarshe?